Auna Sabon Littafi Kafin a Saya

Ba da mudu ɗaya ake auna ƙagaggen labari da littafin ilimi ba. Labari, ko na Adabin Kasuwar Kano ko wanda ake turawa ta WhatsApp, shafukan farko sun isa gwaji: in tsohuwa tana magana da bakin budurwa, marubucin bai ƙware ba.

Littafin tarihi kuwa sai an tsananta bincike. Wanda ya kawo maganar Abdullahin Gwandu, a duba ko ya faɗi inda ya ɗauko ta, Tazyinul Waraƙati ne ko Liya'ul Hukkami. Shi kuma ɗalibin jami'ar Aliero, sai ya lura da shekarar bugu, domin littafin kimiyya kan tsufa da wuri. Littafin da ba sunan maɗaba'a a jikinsa, gara a bar wa mai shi kayansa a kasuwar Jega.