Sikeli Ya Wanke Ni, Tela Ya Ce Da Sauran Magana

Ni direban tirela ne, ina ɗaukar siminti daga Kalambaina, shekarata 46. Kwanan baya aka yi mana gwajin lafiya: nauyina kilo 78, tsawona mita 1.78, aka ce BMI ɗina 24.6, ba ni da ƙiba. Da na je ɗinkin Sallah kuwa, tela ya ce ƙuguna ya kai inci 39, har yana tsokanata da tumbin arziki. Abokina mai lodin buhu, wanda jikinsa duk tsoka ne, shi aka ce nauyinsa ya yi yawa. Wa zan gaskata?

Mai karatu, Kalambaina, Sakkwato

A wannan karon tela ya fi sikeli gaskiya.

BMI lissafin nauyi da tsawo ne kawai. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce. Sai dai lissafin bai bambanta tsoka da kitse, balle ya san inda kitsen ya taru. Shi ya sa ya kama abokinka, kai ya sake ka.

Kitsen da ke ba ni tsoro shi ne na cikin ciki, mai lulluɓe hanta da hanji. Yana hana jiki amsa sinadarin insulin yadda ya kamata, daga nan sai ciwon suga, hawan jini, har shanyewar ɓarin jiki. Awon ƙugu ne ke nuna wannan kitsen, kuma naka inci 39 santimita 99 ke nan. Ga namiji, haɗari na somawa daga 94, ya tsananta a 102. Ga mace 80 da 88. Awon da na fi yarda da shi ma ya fi sauƙi, kuma hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawararsa a 2022: kada ƙugu ya kai rabin tsawo. Rabin naka 89 ne, ka zarce da 10.

Amma ka sake awon da kanka, don awon wando daban yake. Zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka tsuke ciki ba.

Na san zaman mota da zafin Sakkwato su ke sa lemon kwalba ya zama abokin tafiya. Mayar da shi ruwa, ka rage sukarin shayi da na fura, in kana layin lodi ka sauko ka taka na rabin awa. Kuma don Allah, kafin tafiyarka ta gaba, ka je asibiti da safe ba ka karya ba, a auna maka suga da hawan jini.