Aang da Nauyin Shugabanci

Ɗalibai da yawa sun san katun ɗin nan mai suna Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna daga 2005 zuwa 2008, kashi 61. Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko ne suka ƙirƙiro shi. Don yara aka yi shi, amma duk wanda aka ɗora wa shugabanci, ko da na aji ne, ya kamata ya dube shi da idon basira.

A cikin labarin, duniya ta kasu al'umma huɗu: ta Ruwa, ta Ƙasa, ta Wuta da ta Iska. A kowane zamani akwai mutum guda da ake kira Avatar, mai iya sarrafa duka huɗun, kuma a wuyansa zaman lafiya ya rataya. Aang yana ɗan shekara 12 aka gaya masa shi ne. Ya tsorata, ya gudu, hadari ya jefa shi teku, ya daskare cikin ƙanƙara shekara 100. Kafin Katara da yayanta Sokka su fito da shi, mutanen Wuta sun shafe danginsa kaf, yaƙi ya game duniya. Gudun da ya yi bai rage masa nauyin kome ba, sai ma ƙari.

Amma inda nake so mu tsaya shi ne ƙarshen labarin. Domin a gama yaƙin, kowa ya ɗauka dole Aang ya kashe Ozai, sarkin Wuta. Abokansa haka suka ce. Ya nemi shawarar magabatansa huɗu, Roku da Kyoshi da Kuruk da Yangchen, bai ji abin da yake so ya ji ba. Yangchen ma, wadda 'yar Iska ce kamarsa, ta nuna masa bukatar duniya tana gaba da tsarkin zuciyarsa. Shi kuwa malaman da suka rene shi sun koya masa rai abin girmamawa ne. Ko nama ba ya ci. In ya kashe Ozai, to koyarwar mutanensa ta mutu a hannun ɗansu na ƙarshe.

Bai kashe shi ba. Ya ka da shi, ya zare masa ikon sarrafa wuta, aka kai shi kurkuku.

A ganina marubutan sun ɗan sauƙaƙa masa, domin wani ƙaton kunkuru mai kan zaki ne ya ba shi wannan ikon ana gab da karawa. Mu ba mu da irin wannan kunkuru. Duk da haka a lura: Aang bai ce "ni ba na kisa" ya koma gefe ya bar mutane da wahalarsu ba. Ya je fagen fama, ya sa ransa a haɗari, yana neman hanyar da za ta cece su ba tare da ya zama wani mutum dabam ba.

Masu shiga aji shida, wasunku za a naɗa su shugabannin ɗalibai. Za a ce muku in ba ku yi zafi ba ƙanana za su raina ku. Wani kuma zai fake da "ni mai sanyin hali ne" ya bar manya suna ƙwace wa 'yan aji ɗaya abinci a ɗakin cin abinci. Kafin a rataya muku bajo, kowa ya rubuta a littafinsa abu guda da ba zai yi wa ƙaramin ɗalibi ba ko ana matsa masa, da kuma abin da zai yi a maimakonsa ranar da ƙaramin ya yi laifi.