Idan Yaro Ya Buɗe Baki

A ɗauki yarinya 'yar shekara tara da ta daina fitsarin kwance tuntuni, sai ga shi ta koma yi. Da dare tana firgita. A Islamiyya ta koma can ƙarshen tabarma, ba ta wasa da kowa. Idan aka aike ta wani shago, sai ta fashe da kuka. A gida an ce iska ce, an yi hayaƙi. Gwaggo ta ce sangarta ce, bulala ce maganinta. Ba wanda ya tambayi abin da ke faruwa a shagon.

Tsoro mai tsanani kan zauna a jikin yaro ko bayan abin ya wuce. Wani ya yi shiru, wani ya zama mafaɗaci, wani karatu ya gagare shi. Cin zarafin yara kuma ba kaɗan ba ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF sun yi bincike a Najeriya. Sun gano yara 6 cikin 10 sun gamu da cin zarafi kafin su kai shekara 18. Mace 1 cikin 4 an yi lalata da ita, haka namiji 1 cikin 10. Mai laifin galibi sananne ne: maƙwabci, ɗan uwa ko malami.

Wani lokaci malamar aji ko shugaban ƙungiyar matasa yaro kan fara faɗa wa, sau da yawa a kaikaice. A lokacin ba a salati da ƙarfi, ba a cewa "me ya kai ki?" Mai kula da yara ya zauna, ya saurari yarinyar, ya ce ya yarda, kuma ba laifinta ba ne. Kada ya yi alkawarin ɓoye maganar, domin dole a nemi taimako.

Daga nan ake jin "a rufa asiri, a sasanta." Asirin da ake rufawa dai na mai laifin ne, yarinyar kuwa gobe ma za a aike ta shagon.

Idan fyaɗe ne, kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafinta. A kai ta asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Kano akwai Waraka, inda ake duba irin waɗannan yara. Bayan asibiti sai a sanar da 'yan sanda ko ofishin walwalar jama'a.