Amsar Tambaya: Hoton MRI Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tambaya: An yi mini tiyatar rage ƙiba, yanzu likita ya tura ni Kano hoton MRI. Maganaɗisun na'urar ba zai fizgo ƙarfen cikina ba? (Hajiya, Kanya Babba)

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Ƙananan ƙarafan da ake ɗinke tumbi da su galibi na titaniyam ne, maganaɗisu ba ya jansu. Amma ki tafi da takardar tiyatarki ki nuna wa masu hoton, musamman idan zobe aka ɗaura wa tumbin ko balan-balan aka sa miki, don kowanne da ƙa'idarsa. Abin da ya fi damuna shi ne batirin zuciya ko ɓarɓashin ƙarfe a ido. In akwai, ki faɗa tun a ƙofa. Idan za a yi miki allurar haska hoto, a fara duba ƙodarki.