Darasi: Mu Warware Fim ɗin Truman

A shekarar 1998 aka fito da wani fim a Amurka mai suna The Truman Show, wanda Peter Weir ya ba da umarninsa, Jim Carrey kuma ya fito a matsayin Truman. Tun ranar da aka haife shi ake nuna rayuwarsa a talabijin dare da rana, shi kuwa bai sani ba. Garinsu, Seahaven, wani ƙaton ɗaki ne mai kyamarori 5,000 a ɓoye. Matarsa da abokinsa duk 'yan wasa ne da ake biya albashi.

Domin mu fahimci fim ɗin, za mu ari hanyar Jacques Derrida, masanin Faransa wanda aka haifa a Aljeriya a 1930. Hanyar ita ce a nemi abubuwa biyu da labari ya raba, sa'an nan a duba ko da gaske sun rabu, kamar yadda ake warware saƙa a ga zaren.

Fim ɗin ya raba ciki da waje: ciki ƙarya, waje gaskiya. Amma mu lura. An shirya nutsewar mahaifin Truman a teku domin ya ji tsoron ruwa, kada ya gudu. Mutuwar ta ƙarya ce, hawayen yaron kuwa na gaske ne. A waje kuma, masu kallo sun bar aikinsu sun liƙe wa akwatin talabijin. Da Truman ya fita suka yi murna, nan da nan wasu masu gadi biyu suka shiga neman wani shirin. To, wane ne ɗan kurkuku? Mu ma da muke tausayinsa, ai kallo muke yi.

Christof, mai shirin, yana magana daga sama kamar shi ne mahalicci. Yana nuna kamar yana ƙaunar Truman, amma ya tayar masa da hadari a teku har ya kusa hallaka. Ƙaunar da ke hana mutum sanin gaskiya ba irin ta Allah ba ce.

Mu karanta Yohanna 8:32, mu tattauna a aji:

1. Sa'a nawa muke ba talabijin da waya kowace rana?
2. Wa ke cin riba da kallonmu?