Inna za ta Umra: awa 5 ne ko yini da kwana?

Daga Buza nake rubuto maka. Bana Allah ya hore mini, na biya wa Innarmu kujerar Umra. Ta haura shekara 70, tana fama da ciwon suga, gwiwoyi kuma sun gaji. Wani alhaji maƙwabcinmu ya ce daga Yamai zuwa Jidda awa 5 ne, amma takardar da kamfanin tafiya ya ba ni ta nuna tashi da rana, sauka sai washegari da asuba. Wa ke da gaskiya? Wasu kuma sun ce in kai ta Kano, ya fi kusa. Hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Inna, daga Buza

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka.

Alhaji bai yi ƙarya ba. Tsakanin Yamai da Jidda kusan kilomita 4,000 ne, jirgin da ya miƙe kai tsaye yana cinye su cikin awa 5 da ɗoriya. Sai dai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage ke kauce wa samaniyarta, hanya ta ƙara tsawo. Ka kuma san agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, lokacin saukar da ke kan takarda kuwa nasu ne. Cire awa 2 kafin ka yi lissafi.

Abin da na fi zato, jirgin Inna mai yada zango ne, ta Addis Ababa ko Istanbul. Nan wahalar take: tsohuwa a kujerar filin jirgi, cikin sanyi, ba mai jin Hausa. Koma kamfanin ka tambaye su awa nawa za a jira, a wane gari. In akwai mai gajeren zango, ƙara kuɗin, ya cancanta. Ka sa su rubuta mata keken guragu tun yanzu.

Batun Kano, bar shi. Ribar a sama ba ta kai awa 1 ba, ga ƙetare iyaka da tsohuwa.

Ni abin da ya fi damuna ma hanyar mota ce. Daga Madawa zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wajen kilomita 500 ne, yini guda cur, ban da tasowa daga Buza. Kada ta sauka daga mota ta zarce filin jirgin Diori Hamani. Ku isa Yamai kwana 2 kafin tashi, ta huta.

Magungunanta su kasance a jakar hannu tare da ɗan abin taɓawa, likita kuma ya tsara mata lokutan sha bisa sabon agogo. A cikin jirgi ta riƙa shan ruwa, tana miƙe ƙafa. In daga Jidda Makka za su wuce, a sama za a ratsa miƙati, don haka ta je wurin malaminku ya koya mata niyya tun tana gida.