Darasi na 8: Wasan waya mai alƙawarin kuɗi

'Yan uwa, zaman yau a kan wani abu ne da ya shigo gidajenmu ta hannun 'ya'yanmu da ƙannenmu: manhajojin waya masu cewa ki danna, ko ki kalli talla, ko ki buga wasa, a biya ki. Samari suna ce masa "mainin". Jagora ta buɗe da tambaya: wace ce a nan aka taɓa karɓar wayarta ko lambarta a ce za a yi mata rajista?

Kada mu ɓoye gaskiya, an taɓa samu. A watan Mayu na 2024 wani wasa na Telegram mai suna Notcoin "ya fashe", kamar yadda yara ke faɗa, wasu da suka fara da wuri suka ciri kuɗi. Labari ya bazu, kowa ya ce ba za a bar shi a baya ba. Sai aka koma kan Hamster Kombat, wanda masu shi suka ce mutum miliyan 300 ne suka shiga a duniya. Wata da watanni ana dangwalar waya. Da aka yi rabo ranar 26 ga Satumba 2024, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba.

To, daga ina kuɗin yake fitowa? Nan ne gindin maganar. Duk tallar da kika kalla, mai manhaja ake biya, ba ke ba. Shi kuma ya ba ki maki, ba naira ba, ya ce sai makin ya kai wani adadi za ki cira. Da farko makin yana hawa da gudu don ki ji daɗi. Idan kin kusa kaiwa sai ya koma tafiyar hawainiya, ko a ce sai kin kawo mutum goma. Kin ga ke kika sayi data, ke kika biya mai caji, ke kika kawo jama'a, shi ya ɗauki riba. Data kuwa ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Mu yi lissafi irin wanda muka saba yi wa sana'a. Sakatariya ta rubuta a allo ko a ƙasa. A ce mace tana sayen datar naira 500 a mako, tana kai caji sau huɗu a naira 100. Naira 900 ke nan a mako, kusan 3,600 a wata. Ku canza alƙaluman su dace da farashin ƙauyenku. Sannan ku ƙirga lokaci, don shi muka fi mantawa. Awa biyu kullum, awa 60 ke nan a wata. Mu da ke gefen ruwan Tiga mun san abin da awa 60 ke yi: tukunya nawa ta shinkafa za a turara a shanya a kai injin a Kura? Idan tumatir ya faɗi warwas a Kwanar Gafan, kwando nawa za a yanka a yi kauda, a ajiye sai ya yi daraja? Shinkafar da kika turara, ko ciniki bai yi ba, tana nan a buhu. Makin da ke cikin waya, ranar da aka rufe manhaja ya tafi, ba kuma ofishin da za ki kai kuka.

Wancan asarar lokaci ce da data. Akwai wadda ta fi ta ciwo. Wasu manhajojin, bayan kin tara maki, sai su ce ki turo "kuɗin buɗe asusu" ko ki sayi babban matsayi kafin ki cira. Wanda zai biya ki ba ya fara karɓa daga hannunki. Da zarar an ce ki zuba domin a ninka miki, an bar zancen wasa. Haka MMM ta riƙe kuɗin mutane a Disambar 2016, haka CBEX ta rufe a Afrilun 2025, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Dukansu sun biya 'yan farko, da kuɗin 'yan baya. Shi ya sa hoton alat da maƙwabciya ta nuna miki ba hujja ba ce, ko da ita ba ƙarya take yi ba.

Lambar BVN, da NIN, da lambar sirrin asusunki, da lambar nan da ake turowa ta saƙo, ba a ba manhajar wasa, ba a ba yaron da ya ce zai yi miki rajista, ko da ɗan cikinki ne. Ba don kina zarginsa ba, shi ma bai san inda suke zuwa ba.

Game da akwatinmu, ƙungiya ta yanke shawara yau a rubuta a littafi: shin za a ba da rance don sayen data ko zubawa a irin waɗannan manhajoji? Ku tuna idan ɗaya ta kasa biya, rabon kowa ne zai ragu a ƙarshen zango. Sau da yawa kuma ba ita ce mai wasan ba, ɗa ne ko maigida ya ce ta karɓo masa. Ku tattauna yadda mace za ta ce a'a ba tare da an yi rigima a gida ba. Ana iya cewa dokar ƙungiya ce ta hana, kuma gaskiya ne idan kun rubuta.

Kafin zama na gaba, duk mai irin wannan manhaja a gidanta ta zauna da mai wayar su rubuta abin da aka kashe a data da caji cikin kwana bakwai, da abin da aka cira ya shigo hannu. Ta zo da takardar a karanta.